Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsofaffin Kwabbai da Sulalla Ya Fito Tar

Gwangwanin da kakata ta bari ne ya jefa ni cikin wannan harka. A cikinsa akwai aninai masu huji, da kwabbai, da taro, da sisi, da sulalla, da dala biyu na azurfa waɗanda maƙeri ya yi wa kunne don ratayawa a wuya. Na baje su a tabarma, na riƙe kyamara a hannu, na kunna filasha na hau ɗauka. Abin da ya fito a allo kamar farin wata cikin hazon hunturu, rubutu dishi-dishi, tsakiya ta ƙone fari fat. Na yi wata da watanni ina ɗora wa kyamarar laifi, ashe ba ruwanta. Hannuna ne ke rawa, kyamarar ba ta fuskanci kwabon sosai ba, hasken kuma yana zuwa ta inda bai kamata ba. Da na gyara waɗannan, da ita wannan tsohuwar kyamarar na ɗauki hoton da ake karanta Larabcin jikin anini harafi bayan harafi.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Kyamara. Kowace iri ce za ta yi, muddin tana ba ka damar saita ƙofar haske, wato kafar da haske ke shiga ta cikin lensi, da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, da kanka, kuma tana da agogon jinkirta ɗauka. Wadda ake cire wa lensi ta fi ba da sarari, amma ƙaramar kyamarar aljihu mai alamar fure a jikin maɓallinta, alamar ɗaukar abu daga kusa, ita ma tana aiki.

Lensi. Wanda aka ƙera don wannan aiki shi ne na makuro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, kuma na fi son mai tsawon milimita 90 zuwa 105, irin su Tamron 90 ko Canon 100 ko Nikon 105. Dalilin ba kaifi kaɗai ba ne. Dogon lensi yana barin tazara tsakaninsa da kwabo, a wannan tazarar ce fitilunka za su sami hanyar shiga. Gajere yakan sauko har ya kusa taɓa kwabon, sai ya tare haske da inuwarsa.

In ba ka da shi, kada ka fasa. Akwai zobban ƙari da ake sa wa tsakanin kyamara da lensi, babu gilashi a cikinsu, rami ne kawai, galibi ana sayar da su uku a haɗe: milimita 12 da 20 da 36. Lissafinsu mai sauƙi ne, ka raba tsawon zoben da tsawon lensin. Zobe mai milimita 25 a bayan lensi mai 50 zai ba ka rabin girman abin a kan sensar kyamara, wato ɗan faifan da hoto ke sauka a kansa a ciki. Ka nemi mai ƙananan ƙarafan lantarki a jiki, domin maras su ba zai bar ka ka tsuke ƙofar haske ba a yawancin lensunan zamani. Akwai kuma gilashin kusanto da abu da ake murɗawa a gaban lensi, mai lamba +2 ko +4. Mai araha yakan sa gefen hoto ya yi laushi, ya kuma fitar da shuɗi-shuɗi ko ja-ja a bakin haruffa, amma ya fi babu.

Wani abu da masu koyo ba su cika lura da shi ba: yawancin kuɗin ƙarfe ba ƙanana ba ne yadda ake zato. Kwabon zamanin Turawa mai huji ya kai santimita uku a faɗi, anini kamar biyu, dalar azurfa, wadda ake kira ta Mariya Tereza, kusan huɗu. Sensar yawancin kyamarori masu matsakaicin farashi tsayinta bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Ke nan rabin girma ya isa kwabo ya cika hoto. Ko lensin 18-55 da ke zuwa da kyamara, in ka zuƙo shi zuwa 55 ka matso iyakar inda yake iya kamawa, zai ba ka kusan kashi ɗaya cikin uku, wanda a kyamara mai megafiksel 24 ya haura ɗigo 2,500 daga wannan baki na kwabon zuwa wancan. Ya ishi bugawa a takarda, balle sakawa a intanet.

Abin riƙe kyamara. Wannan ya fi lensi muhimmanci, ko da za a yi musu da ni. Ƙafa-uku wanda sandarsa ta tsakiya ke juyawa ƙasa ko ta kwanta ita ce ta fi. In babu, ga abin da na yi shekara biyu ina amfani da shi: katako mai kauri da kafinta ya huda wa rami daidai faɗin lensi, na ɗora shi a kan tulin littattafai biyu masu tsayi ɗaya, kyamara ta kife a kai tana leƙen ƙasa. In ina son kusantowa sai in zare littafi ɗaya daga kowane gefe.

Fitilu biyu iri ɗaya, masu wuyan da ke lanƙwasawa, ƙwansu kamfani ɗaya launi ɗaya. Sai farar takarda mai shara-shara ko tishu, da baƙin karan-miski ko baƙin kwali, da marfin robar ruwa, da ƙaramin madubi shimfiɗaɗɗe, da famfon roba na hura iska irin na masu gyaran agogo, da farar takarda guda ɗaya tsaf. In ka samu gilashin firam ɗin hoto mai tsabta, ajiye shi kusa, zai yi amfani a mataki na biyar.

MATAKI NA 1: KA BAR KWABON YADDA YAKE

Kada ka wanke shi. Na faɗa da babbar murya domin na yi, na kuma yi nadama. Wani sule na 1959 mai ganyen kwakwar manja a baya na dirje da lemon tsami da toka, yadda ake wa tukunya. Ya yi ƙyalli kam, a ido kamar sabo. Da na sa shi ƙarƙashin lensi sai ga fuskar Sarauniya Elizabet duk zane-zane, kamar an ja ta a kan yashi. Duhun nan da shekaru suka bar wa ƙarfe shi ke zama a cikin ramukan rubutu ya fito da haruffa, kuma masu tara tsofaffin kuɗi suna rage wa wanda aka dirje daraja sosai. Ba tsamiya, ba omo, ba man goge ƙarfe.

Abin da za ka yi kawai shi ne ka hure ƙura da famfon roba. Kada ka hura da baki, yawu zai sauka ko ba ka gani ba, ya bar ɗigo. Ka riƙe kwabo ta bakinsa da yatsa biyu, ba ta fuska ba, domin maiƙon yatsa yakan fito a hoto ƙarara, a jan ƙarfe ma yakan zauna dindindin. Lokacin hunturu kuwa ka hure kafin kowace ɗauka, ba sau ɗaya ba. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan anini tana fitowa kamar tsakuwa.

MATAKI NA 2: SHIMFIƊA DA MARFIN ROBA

Ka nemi tebur mai nauyi wanda ba ya girgiɗi, ko ka yi aikin a daɓen siminti. Shimfiɗa baƙin ƙyallen, ka ajiye marfin roba a tsakiya, ka ɗora kwabon a kai. Marfin ya zama ya fi kwabon ƙanƙanta don kada ya leƙo. Amfanin ɗaga shi sama shi ne saƙar ƙyallen da 'yar ƙurar da ke kai za su narke su zama duhu sumul, inuwar kwabon kuma ta faɗi nesa, ba ta manne a bakinsa ba.

Masu huji suna da tasu matsalar: marfin zai bayyana ta cikin ramin. Ka yi amfani da guntun bututun roba mai faɗi fiye da hujin, ka shafa wa cikinsa baƙar tawada, sai ramin ya fito baƙi kamar sauran shimfiɗar.

Baƙar shimfiɗa ta fi dacewa da azurfa da farin ƙarfe. Kwabon tagulla da ya yi duhu sosai yakan ɓace a kanta, shi sai ka sa masa ruwan toka. Ka guji ja da kore da shuɗi, ƙarfe madubi ne, zai kwashi launin ya shafa wa kansa. Haka ma rigarka. Na taɓa ɓata rabin sa'a ina neman inda ja-ja ke fitowa a jikin sisi, ashe hular kaina ce.

MATAKI NA 3: KYAMARA TA FUSKANCI KWABO DAIDAI WA DAIDA

Nan ne yawancin hotuna ke lalacewa, mai ɗauka bai sani ba. Idan aka matso kusa da abu, zurfin wurin da ke fitowa da kaifi yakan ƙanƙance ƙwarai. A rabin girma da ƙofar haske f/8 (lambar nan in ta ƙaru, ƙofar tsukewa take yi), bai wuce milimita biyu ba. A cikakken girma bai kai milimita ɗaya ba. To kwabo mai faɗin santimita uku in kyamara ta ɗan karkace, sai ka ga saman rubutu tar, ƙasan kuma kamar an shafa masa man shanu.

Ga dabarar madubi, wadda ta fi duk wani lebur na magina. Ɗauke kwabon ka ajiye madubin a daidai wurinsa. Kunna allon kyamara ka juya lensi har ka ga hoton lensin kansa a cikin madubin. Ka yi ta gyara kan ƙafa-ukun, kaɗan-kaɗan, har da'irar lensin ta zauna a tsakiyar allo cif. In kyamararka tana nuna layukan raga a allo, kunna su, za su nuna maka tsakiyar. Da zarar ta zauna, ƙulle komai, ka sake dubawa, domin ƙullewar kanta takan gusar da kai. Daga nan kada ka ƙara taɓa kyamarar don gyara zaman hoto. Kwabon za ka riƙa turawa, ko ka ja ƙyallen gaba ɗaya.

In kyamarar na rataye a sandar da ta kwanta, ka ɗaura wani abu mai nauyi a ɗaya ƙarshen, ko jakarka ce. Kyamara ta kifo da lensi a kan siminti ba labari ne mai daɗi ba.

MATAKI NA 4: SAITIN KYAMARA

Kashe filasha. Haskenta yana fita daga kusa da lensi ya daki ƙarfe ya dawo kai tsaye, shi ne farin tabon nan da ke cinye tsakiyar hoto.

Juya maɓalli zuwa M, wato saitin da kai ke zaɓar komai da hannu. Sa ISO a 100, ko mafi ƙanƙantar lambar da kyamarar ke da ita, don kada hoto ya yi tsaki-tsaki. Ƙofar haske ka fara da f/8. Za ka ji wasu na cewa a tsuke ta zuwa f/22 don komai ya fito, ni ma na bi wannan shawara da farko. Gaskiya ne zurfin yana ƙaruwa, amma haske in ya ratsa ƙaramar kafa sosai yakan bazu, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, babu inda ya yi kaifi na gaske. Tsakanin f/5.6 da f/11 nake zama. Ƙaramar kyamarar aljihu kuwa f/4 zuwa f/5.6 ya ishe ta, sensarta ƙarama ce, zurfinta da ma mai yawa ne.

Saurin ɗauka shi ne abin da za ka riƙa juyawa har haske ya yi daidai. Ko ya kai rabin daƙiƙa ko daƙiƙa guda ba komai, tunda kyamara a kafe take. Jinkirin ma yana da amfani, domin wasu ƙwayayen lantarki suna ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani, in ka ɗauka da sauri sai ratsi-ratsi su fito. Kada ka yarda da ma'aunin hasken kyamara a nan. Yana ganin baƙar shimfiɗa sai ya ɗauka duhu ne ya yi yawa, ya ƙara haske, kwabon ya ƙone. Kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo, ka rage haske har ƙyaftawar ta daina, ko ta rage 'yan ɗigo a kan tudun zane. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya ɗaga shi a kwamfuta. Wanda ya ƙone ya tafi ke nan.

Launi: ajiye farar takardar a wurin kwabo ƙarƙashin fitilun da za ka yi aiki da su, ka shiga WB, wato wurin daidaita launi, ka zaɓi saitin da kyamara ke auna fari daga hoton takarda. In ka tsallake wannan, azurfa za ta fito kamar tagulla, ko tagulla ta fito kamar an jiƙa ta a shuni. Ka kashe ƙwan ɗaki ka saki labule, kada haske iri biyu ya gauraya.

In lensinka na da maɓallin hana rawa, wanda Canon ke rubuta wa IS, Nikon kuma VR, kashe shi. A kan ƙafa-uku yakan yi ta neman rawar da babu, ya jawo tasa. Ka zaɓi RAW, wato fayil ɗin hoto ɗanye da kyamara ba ta sarrafa ba, in akwai, in babu ka sa JPEG mafi girma.

MATAKI NA 5: HASKE

Sauran matakan duk sau ɗaya ake koyonsu. Wannan kuwa kowane kwabo da nasa hali, har yau ina gwaji.

Abin da za ka riƙe shi ne zanen jikin kwabo tudu ne da kwari, ba fenti ba. Ba ya fitowa sai wani gefen harafi ya sami haske, ɗaya gefen ya sami inuwa. Haske in ya zo ta ko'ina daidai, rubutu ya kwanta. In ya zo daga wuri guda da ƙarfi, wani wuri ya ƙone wani ya yi baƙi ƙirin. Tsakanin nan ake nema.

Ɗauki kwabon kamar fuskar agogo, samansa ƙarfe goma sha biyu. Sa fitila ɗaya a ƙarfe goma, ɗaya a ƙarfe biyu, ka ɗaga su sama kusa da lensi, suna kallon ƙasa. Rataya tishu ko takarda mai shara-shara a gaban kowace, da 'yar tazara, kada ta manne da ƙwan. Yanzu ka zuba wa allo ido ka riƙa motsa fitila ɗaya a hankali, sama da ƙasa, kusa da nesa. Za ka ga haruffa suna tasowa suna nutsewa. Inda suka taso, tsaya.

Idan akwai kan sarki ko sarauniya, fitilar da ta fi ƙarfi ta kasance a gefen da fuskar ke kallo, ɗayar ka ja ta baya kaɗan. Sarauniya Elizabet dama take kallo a sulallan 1959, mahaifinta Sarki Joji na shida kuma hagu. Kada ka haska daga ƙarfe shida. Ido ya saba da haske daga sama, in ya zo daga ƙasa sai tudu ya koma kamar rami, fuskar kuma ta zama abin tsoro.

Kwabon da ya sha hannu har ya side, irin wanda shekararsa ta kusa gogewa, fitila ɗaya yake so, a kwantar da ita ƙasa-ƙasa haskenta ya shafo fuskar ƙarfen daga gefe, kamar rana gab da faɗuwa a kan kunyoyin gona. Da haka na karanta 1936 a jikin wani kwabo da na ɗauka babu abin da ya rage masa. Shekarar tana da labari: ita ce ta Sarki Edwad na takwas, wanda ya hau gadon Ingila ya sauka a cikinta, amma kwabban Afirka ta Yamma masu huji sun fita da sunansa, tunda ba su ɗauke da hoton kai, suna ne kawai da kambi. Irin wannan haske kuma shi ke fito da 'yan mitsi-mitsin haruffan nan, H ko KN, alamar masana'antun Bamingam da suka buga wasu daga cikin kuɗin. Sai dai ka sani yana tona kowane ƙarzane, ba ya rufa wa kwabo asiri. In gefe ɗaya ya yi duhu da yawa, tsayar da guntun farin kwali a ɗaya ɓangaren ya maido da ɗan haske.

Masu sheƙi kamar madubi su ne 'yan rigima, irin naira ɗaya da naira biyu masu ƙarfe kala biyu da aka fitar a 2007, in ka sami waɗanda ba su zaga ba. Filin jikinsu yakan fito baƙi domin hoton lensin yake maidowa. Hanya ta farko: yanke gindin farin kofin roba ko na takarda ka kife shi a kan kwabon, lensi ya leƙa ta sama, fitilu su haska jikin kofin daga waje. Haske zai yi laushi ya zagaye ko'ina. Yakan ɗan kwantar da zane, don haka ka matso da fitila ɗaya fiye da ɗayar.

Hanya ta biyu ita ce ta gilashin firam. Jingine gilashin a saman kwabon a karkace, digiri 45, tsakaninsa da lensi. Fitila ɗaya ta tsaya a gefe tana haskawa a kwance, bakin gilashin da ke sama ya kasance a ɓangarenta, na ƙasa a nesa da ita. Gilashin zai karkato wani kaso na hasken ya sauka a kan kwabon daga sama tsaye, kamar daga cikin lensin yake fitowa. Ka tsayar da ɗan kwali ya kare kwabon daga hasken fitilar na kai tsaye, ka kuma rataya baƙin ƙyalle a bayan gilashin, inda sauran hasken ke wucewa, in ba haka ba bangon ɗakinka zai shigo hoto kamar hayaƙi. Da wannan hanya filin kwabo yakan fito fari, haruffa kuma da baƙin kewaye kamar an zana su da alƙalami. Don karanta rubutu babu kamarta. Don nuna ainihin launin ƙarfe kuwa, fitilu biyun nan sun fi gaskiya.

In babu fitilu, ko an ɗauke wuta, taga ta isa. Ka aza teburin kusa da tagar da rana ba ta shigowa kai tsaye, saman kwabon ya fuskanci tagar, farin kwali a ɗaya gefen. Fitila mai caji ma tana yi, amma haskenta na raguwa yayin da cajin ke sauka, sai ka riƙa duba allo, kada fuskar kwabo ta fito da haske bayansa ya fito da duhu.

MATAKI NA 6: SAITA KAIFI DA HANNU

Mayar da lensi kan MF, wato saita kaifi da hannu. Kyamara in ka bar ta ta zaɓa da kanta, takan kama bakin kwabo ko wani ƙyalli, ba inda kake so ba. Kunna allo, danna alamar gilashin ƙara girma har sau goma, ka kai ɗan akwatin da ke allo kan shekara ko wani ƙaramin harafi. Juya zoben saita kaifi na jikin lensi a hankali ka wuce wurin kaifi, ka dawo, ka sake wucewa kaɗan, ka dawo ka tsaya. Sannan zagaya da akwatin sama da ƙasa, hagu da dama. In wani gefe bai yi ba, kada ka tsuke ƙofar haske don rufe laifin, koma ga madubi.

A kan kwabo mai tudun zane, kamar dala, ka saita a tsaka-tsaki, tsakanin kuncin Mariya Tereza da filin da ke kewaye da ita, don zurfin ya rabu sama da ƙasa. In duk da haka bai game ba, ɗauki hoto huɗu ko biyar kana gusar da zoben ɗan kaɗan kowane karo, daga tudu zuwa kwari, ka haɗa su a manhaja irin Helicon Focus ko Photoshop, ta tsinci mai kaifi daga kowanne. Kuɗin yau da kullum ba safai suke buƙatar wannan ba.

Mai kyamarar aljihu: danna alamar fure, amma kada ka manna lensi a jikin kwabo don ta yarda. A can kusa kwabon yakan kumbura kamar ƙosai, inuwa kuma ta rufe shi. Ja baya ka zuƙo kaɗan har inda za ta iya kamawa, ka tsaya kafin zuƙowar ta shiga ta dijital, wadda yanke hoto kawai take yi.

MATAKI NA 7: ƊAUKA BA TARE DA TAƁAWA BA

Yatsanka a kan maɓalli ya isa ya ɓata duk wahalar da ka sha. Sa agogon jinkiri na daƙiƙa biyu, ko goma in katako da littattafai kake amfani da su, domin sun fi daɗewa suna rawa. Rimot ko manhajar waya da ke sarrafa kyamara ya fi. Kyamara mai madubi a ciki, ka ɗauka allo na kunne ko ka sa saitin ɗage madubi tukuna, saboda bugun da yake yi in ya tashi yana girgiza hoto.

Ka kashe fanka, ka janye gwiwa daga jikin tebur, ka ce wa yara su dakata da guje-guje. Akwai ranar da duk hotunana suka fito da haruffa biyu-biyu, na kwance komai na sake ɗaurawa, ashe janaretan maƙwabci ne da ke jingine da bangonmu. Tun daga ranar na koma ɗauka da asuba.

Bayan ɗauka ta farko, buɗe hoton ka ƙara girmansa har ƙarshe kafin ka ci gaba. A ƙaramin allo kowane hoto kyakkyawa ne. Rawa takan nuna kanta da harafi mai inuwa gefe guda, kuskuren saiti kuma da laushi ta ko'ina.

MATAKI NA 8: BAYA DA BAKI

Juya kwabon a kan marfin ba tare da ka taɓa kyamara ko saurin ɗauka ba, don fuska da baya su fito girma ɗaya haske ɗaya. Miƙar da zanen, hure ƙura, sake duba kaifi. Bayan yakan nemi a ɗan gusa fitila: dalar gyada da ke jikin kwabo ashirin da biyar na 1973, alal misali, buhunanta ba sa rarrabuwa sai haske ya ɗan kwanta.

In hoton na sayarwa ne ko na tambayar masana, ƙara guda ɗaya da rula a gefe, ka ɗaga rular ta yi tsayi ɗaya da fuskar kwabon. Bakin ma a ɗauke shi in yana da rubutu. Dalar Mariya Tereza duk 1780 ce a jikinta, shekarar rasuwar sarauniyar ta Ostiriya, ko da kuwa an buga ta shekara ɗari ko fiye bayan haka, don haka masu tantance ta sukan duba ƙananan alamu har da rubutun Latin da ke zagaye da bakinta. Ciro kwanon nan mai sheƙi na cikin tsohuwar tocila, ka ajiye shi yana kallon sama, ka ɗora dalar a tsakiya kan wani ɗan abu, sai bakin gaba ɗaya ya bayyana a jikin kwanon kamar zobe. A kan wannan hoton na cikin kwano za ka saita kaifi, ba a kan fuskar ba.

MATAKI NA 9: GYARA A KWAMFUTA

Kaɗan ake yi. GIMP da RawTherapee kyauta ne kuma sun isa. Miƙar da hoton in ya ɗan karkace, yanke shi murabba'i ka bar ɗan fili a kewaye, gyara haske, ka riƙe kwabon a hannu kusa da allo ka ga ko launin ya yi kama. Ƙarin kaifi a sa shi a ƙarshe, bayan ka rage girman hoton zuwa yadda za ka yi amfani da shi, kuma da zarar ka ga farin layi ya fara kewaye haruffa ka wuce gona da iri, koma baya. Ƙurar da ke kan shimfiɗa ka goge ta yadda kake so. Tabo ko ƙarzanen da ke jikin kwabon kuwa ka bar shi, musamman in wani zai sayi abin bisa wannan hoto, goge shi algus ne.

Haɗa fuska da baya a hoto ɗaya, fuska a hagu, baya a dama. Ajiye na asali daban kada ka taɓa shi, ka sa wa kowane fayil suna da irin kuɗin da shekararsa, domin aninai ashirin a jere duk kamarsu ɗaya. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, in ba haka ba manhajar za ta matse shi, 'yar H ɗin nan da ka sha wahalar fitarwa ta koma ɗigo.